Kwalba ta Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare, Katsina ta yi tsit,
sai tarin janareta a bayan ɗakin gwaji,
sai ni, Kefas ɗan Dogara, da firji,
da kwalaben jini jere kamar haƙoran mataji.
Kowace da lamba, babu mai suna.
Masu binciken sun ce suna kaya ne,
lamba ta fi sauƙin hawa jirgi.

Ɗari huɗu da sha bakwai.
Na san shi. Mudassir ne na Rafindadi,
shekara shida, sikila ta ci ƙuruciyarsa,
ya ciji hannun rigata ran Talata,
bai yi kuka ba sai da allura ta fita.
Uwarsa ta dangwala yatsa a takarda
mai shafi tara, Turanci kamar kiyashi.
Ta zaci ta karɓar magani ce.
Na gani. Na yi gum.
Layi ya kai bakin ƙofa, rana ta take.

Babana katikis ne a Kafur.
Bai taɓa tsallake ƙafar mai barci ba,
ko da mahaukacin bakin kasuwa ne.
Yakan kewaye, yana cewa a hankali:
akwai kamannin Mai Sama kwance a nan.
Ni kuwa da farar riga da shaidar karatu
na tsallake mace tana farke.

Ran Asabar na durƙusa gaban Fada.
Bai yi faɗa ba. Ya goge tabarau, ya ce:
"Ilimi bara ne nagari, Kefas,
amma ba a ba shi makullin gida.
Jikin mutum ba rijiyar hanya ba ne
da kowa zai zura guga ya wuce.
Ku nemi maganin, Allah na son a nema,
sai dai ku yi sallama kafin ku shiga."
Na jira ya ɗora mini addu'o'i.
Ya ce: "Tubanka yana Rafindadi."

Na hau babur bayan Masa ta safe.
Malam Zubairu ya shimfiɗa tabarma a zaure,
Ramlatu ta tsaya daga bayan labule.
Na juya shafi tara zuwa Hausa,
layi bayan layi, har shayi ya huce:
za a kai jinin ƙetare,
a karanta rubutun da ke cikin ƙwayoyinsa,
a ajiye shi shekarun da ba a faɗa ba.
In kun ƙi, maganinsa ba zai ragu ba.

Ta ce: "In sun gano waraka,
za ta zo unguwar nan? Nawa za a ce?"
Na ce ban sani ba.
Ta ce: "Yau dai takardar ta faɗi gaskiya."

Kwana uku suka yi suna shawara.
Ran Laraba yaron da kansa ya kawo saƙo,
yana ɗingishi, yana tsotsar mangwaro:
a kai, don 'ya'yan wasu,
amma kada a sayar,
kuma mai buɗewa ya san na mutum ne.

Doka ta hana in rubuta suna,
kuma daidai ne, rufin asiri ma daraja ce.
Don haka da dare na buɗe firji,
sanyi ya bugi fuskata,
na ɗaga kwalbar kamar yadda ake ɗaga
abin da ba naka ba, da hannu biyu,
na ce: Mudassir.
Janareta ya ci gaba da tari.

Na dubi sauran jerin.
Ɗari huɗu da sha shida,
kowace da zaurenta, da labulenta.
Na fita na leƙa tankin babur.