Bayan Darduma

Ruwa bai ɗauke a Bradford ba tun Talata.
Cikin kasuwar nan mai rufin gilashi,
tsakanin mai kifi da mai gyaran waya,
akwai rumfar Gulam Sakhi, taku shida da rabi.
Nan nake yini Laraba da Asabar,
ina kakkaɓe ƙurar garuruwan da ban taɓa takawa ba.

Tsohon ba ya kallon fuskar darduma.
Ya ce fuska ta mai saye ce,
baya kuwa na wadda ta saƙa.
Sai ya kifa ta, ya sa farce,
yana ƙirga ƙulli da harshen Herat,
leɓensa na motsi kamar mai lazimi.

Jiya wata dattijuwa, Misis Holroyd,
ta jawo tata a keken cefane.
Mijinta ya sayo ta tun ba a haife ni ba,
bara ya rasu. Asu ya ci kusurwa,
kare ya ƙarasa gezar.
"Nawa za ta yi?" Gulam bai ce kanzil ba.
Can ya ce, "Dubi nan, jan ya sauya.
Ulu ne ya ƙare wa matar,
ta jira har aka sake yi wa tumaki aski.
Nan kuma ƙullin ya yi sako-sako,
layi goma sha ɗaya. Hannun yarinya ne.
Uwar ta tashi duba tukunya,
ko kuwa haihuwa ce ta zo."
Dattijuwar ta zare safar hannu,
ta daɗe tana shafa wurin.
Ta fasa sayarwa. Ta ce a gyara.

Ba kuɗin haya ke cin ransa ba,
ba kuma kantin tsallaken titi ba,
inda ake yanka kafet ɗin inji da mita,
yana warin roba.
A'a. Mutanen nan ba sa tayi.
Su karanta farashi, su biya,
ko su yi godiya su wuce,
shayi na hucewa a kofi biyu.
Ni na koya masa kalmarmu: albarka.
Yanzu in kasuwa ta yi sanyi
sai in taya shuɗiyar can fam ashirin,
ya dafe ƙirji, "Albarka!"
In ƙara biyar, ya kira sunan kakansa,
mu yi ta ja har la'asar,
ba mai saye, ba mai sallamawa.

Nawa kakan masaƙi ne a Kura.
Ina tuna ƙoshiya tana kai da komo,
babban yatsan ƙafarsa cikin igiya.
Sau nawa ya ce in zauna?
Boko na sa a gaba, boko ya kawo ni nan:
digiri biyu a ƙasan akwati,
allura a hannu.

Yau ya ba ni kusurwar Misis Holroyd.
Na yi ƙulli arba'in kafin azahar,
na bakwai ya karkace.
Na ɗauko reza zan warware,
ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bar shi, Tanimu.
Wata rana wani zai kifa ta
a wani garin mai ruwa,
ya sa farce, ya tsaya,
ya ce, nan baƙo ya zauna."