Zaman da Ba a Rufe Ba

Ƙarfe biyun dare a Porto.
Ruwa na dukan gilashin hawa na huɗu,
kogin Douro ya haɗiye fitilun gada,
ni kuwa ina zaune gaban allo uku
da kofin da ya huce tun sha ɗaya.

Sabar goma sha ɗaya ke hannuna.
Biyu a Braga, uku a Setúbal inda ake cika gwangwanin kifi,
ɗaya a Funchal, can tsakiyar teku,
sauran na ƙarƙashina, a ɗakin sanyi, suna gurnani.
Ta Funchal ban taɓa sa ta a ido ba,
amma na san tarinta, na san ranar zazzaɓinta.

Aikina gadi ne, sai dai ƙofofina ba ƙyaure.
Duk mai shigowa daga nesa
sai ya bi ɓoyayyar hanya, ya tsaya a zaure,
ya faɗi kalmar sirri,
wayarsa ta motsa a aljihu, ya karanto lamba shida.
Ya kuskure sau biyar, sakata ta faɗa.

A waje ba a fasa ƙwanƙwasa ba.
Rajista ta ce dubu huɗu da ɗari biyu tun faɗuwar rana.
Ba hannun mutum ba ne: ba gajiya, ba kunya,
suna bayan suna, kamar mai gwada makullai a kwaɗon wani.
Tsohuwar ƙofa, 3389, tun bara na toshe ta,
har yau suna zuwa suna lalubar bango.

Sai na ga zama ɗaya a Funchal.
Anselmo Gouveia, akanta.
Ya katse, bai fita ba. Kwana tara.

Ranar Laraba aka binne Anselmo.
Ni na aika furanni da sunan sashenmu.

Doka ta ce zaman da ya yi shiru awa biyu ya mutu da kansa,
shi kuwa ya roƙa in ɗaga masa ƙafa,
wai yatsu sun tsufa, lissafi kuma ba ya son katsewa.
Na ɗaga. Laifina ne, kuma zan rubuta shi da sunana.

Ina da ikon leƙawa.
Dannawa ɗaya, allonsa zai buɗe gabana
yadda ya bar shi: albashin Oktoba, wataƙila, rabi a cike,
hoton jikarsa Benedita a bayan tagogi,
linzami tsaye inda hannunsa ya sake shi.
Ban leƙa ba.
Makulli aka ba ni amana, ba a ce in sa ido ba.

Amma ƙofar da aka sakaya ba a kulle ba
ita ɓarawo ke kwana nema,
ba ya kuma tambaya ko mai ɗakin na da rai.

Na dakatar da asusunsa tukuna,
na cire wayarsa daga jerin masu karɓar lamba,
na sauya duk makullin da ya taɓa riƙewa.
Saura zaman.
Kwamfuta ta ce: kin tabbata?
Abin da bai adana ba zai tafi.

Na daɗe ina kallon tambayar.
Motar shara ta wuce ta Rua do Almada,
ta tsaya, ta yi nishi, ta ƙara gaba.

Na danna.
Sabar Funchal ta sauke ajiyar zuciya,
ta karɓi ƙwaƙwalwar da ya ara.

Na rubuta: an rufe, 02:47, Idalina Meireles.
Gurbin dalili ɗan ƙarami ne, kalma biyar kawai yake ɗauka.
Na sa: mai zaman ya tafi gida.

Dubu huɗu da ɗari uku yanzu.
Braga na jiran sabuntawa kafin gari ya waye.
Na zubar da kofin,
na ɗora wani.