Layin Suna Guda Ɗaya

Na je Kakuri da tambaya ashirin a jaka,
kowace da ɗan akwatinta na e da a'a,
ɗalibai tara a bayana, sun sha guga,
wai mun zo bincike.

Baba Garkuwa ya karɓi takardar, ya juya ta,
ya murza da yatsa, ya ce, "Wannan ba ta shan rini."
Shekara ashirin da biyu yana fidda zanen atamfa
kafin masaƙa ta yi shiru, ciyawa ta cinye ƙofa.
Ya ce, "Malama, in tambaya kika kawo, ga benci.
In aiki ne, tuɓe takalmi."

Na tuɓe.

Muka shimfiɗa alawayyo yadi goma sha biyu
a tsakar gidan haya, tsakanin rijiya da igiyar shanya.
Ba wanda ya ce a fara.
Zugwai, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba,
ta tsoma yatsa a baba, ta ja kogin Kaduna
daga wannan baki har wancan.
Ilu ya ce gadar ta karkace.
Ta ce, "Daga tagar gidanmu haka take."
Aka bar mata gadarta.

Barmani mai ƙosai ta leƙo neman canji,
ta ga jan da na sayo da kuɗin makaranta,
ta ce, "Wannan ja na ƙarya ne, wanki ɗaya zai gudu."
Ta koma, ta dawo da karan dafi a gefen zane
da ɗan ƙullin kanwa.
Na buɗe littafi zan rubuta,
sai na rasa gidan da zan sa ta:
mai bincike ce, ko wadda ake bincika?
Biro ya tsaya. Man suyarta na can yana ƙonewa.

Ran Laraba ta uku Shekwolo ya zo da totuwar masara,
ya mirgina ta a gefen ƙyalle
kamar yadda uwarsa ke yi wa wuyan tukunya.
Baba Garkuwa ya yi tsai.
Ya ce, "Mun buga wannan zane dubu nawa,
na ɗauka daga ƙetare aka aiko mana shi.
Ashe a bayan gari yake, yana riƙe da ruwan sha."
Ya zauna a ƙasa, da furfurarsa,
ya ce yaro ya sake yi a hankali.

Mun yi faɗa ma.
Kan inda kasuwa za ta zauna,
kan wanda ya zubar da shuni a Tudun Wada,
kan sawun ƙafar ɗan maƙwabta da ya ratsa ta tsakiya
rinin bai bushe ba.
Biyar suka ce a goge, shida suka ce a bari.
Ni, mai digiri, ƙuri'a ɗaya gare ni.

Da na koma ofis aka miƙo mini fom.
Sunan mai bincike: layi ɗaya, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Na ƙirga mu, sha bakwai,
ban da mai sawun ƙafa.
Na ƙanƙance rubutu, na gangara gefe,
na zagaya bayan takarda.
Akawu ya ce na'ura ba za ta karɓa ba.
Na ce to ta jira.

Ƙyallen yanzu mako guda yana bangon aji,
mako guda yana Kakuri,
inda Barmani kan ɗaure shi ya tare mata rana.
Ɗaliban bana suna tambaya wa ya yi.
Sai in ce su zauna, amsar da tsawo.

Tambayoyina ashirin kuwa, na gan su jiya.
An naɗe mini ƙosai a ta goma sha ɗaya,
mai ya cika akwatin e,
ya cika na a'a.