Tsingaro a Sama

Ruwa ya ɗauke da hantsi a hanyar Mai'aduwa,
ƙasa na huci kamar tukunyar dambu.
Nalado ya ciko kwando da tsingaro,
fasassun tulunan matan Daura.
Na ce, "Jefa!"
Tsingaro ya tashi,
tabarau ya yi fari fat,
na harbi gajimare.

Sau uku ke nan.
Kurciyar kan gawo ko motsi ba ta yi ba.

In cire shi? Ina!
Baba Tanimu ya taɓa cire nasa,
yau da ido ɗaya yake neman jinjirin wata.

Shi ya matso,
ya zaro busasshen guntun sabulu daga aljihu,
ya goga wa gilashin ciki da waje,
ya murje da bakin riga har ya yi ƙyalli.
"Tura hula baya, goshi ya sha iska.
Sassauta shi daga karan hanci.
Daina huci kamar jaki a tudu,
numfashinka ne ya rufe maka ido, ba damina ba."

Na ce, "Jefa."
Na gan shi sarai,
har zanen da maginiya ta yi masa a wuya,
kafin ya zama gari
ya zubo kan ganyen gero.

Nalado ya leƙa kwando,
ya ce saura bakwai.