Bayan Shirwa

Ni tela ne, ban san inji ba.
Abin da na sani zare, da inda yake tsinkewa.
Amma ranar da Nadabo kafinta ya shigo shagona
da bandir ɗin akoko a kafaɗa,
ya ce, "Sallau, riga za ka ɗinka wa iska,"
ban tambayi awo ba. Na bi shi.

A bayan gidansa, can hanyar Kongolam,
wani ƙwarangwal na kwance bisa bulo:
haƙarƙarin katako siri-siri,
kowanne ya sha fiƙa, ya sha gam,
ƙafafun babur biyu,
da injin tsohuwar Boswaja da ya ceto a hannun 'yan gwangwan.
Farfela kuwa daga maɗaci ya sassaƙo ta,
wata uku yana shafa ta kamar mai lallashin jinjiri.

Shekara huɗu.
Kuɗin yaɓen soro ya tafi, ragon layya ya koma ɗan akuya.
Tasalla ta gaji da faɗa, ta koma riƙe masa fitila.
A teburin mai shayi suka raɗa masa Kyaftin,
in ya gifta su sara masa.

Ni dai na ja akoko bisa haƙarƙarin nan,
na bi shi da basilla, ƙulli bayan ƙulli,
dubu da ɗari shida da 'yan kai. Na ƙirga,
don mai hawan abokina ne tun muna harbin ƙadangaru.
Muka shafe shi da fenti har ya ɗaure,
in ka ƙwanƙwasa ya amsa kamar kalangu.

Babu rufi. Na ce ko laima ce a kafa.
Ya ce wanda ya fita neman iska
ba ya rufe mata ƙofa.

Wata Laraba bayan an cire gero
muka tura shi fili, gari bai gama waye ba.
Kujerar roba ce aka yanke wa ƙafafu,
tabarau na aro.
Sau shida farfela na tari, a na bakwai ta kama.
Kowa jirgi yake kallo.
Ni ɗinkina nake kallo.

Ya ruga, ya yi tsallen ɗan maraƙi, ya dawo ƙasa,
ya sake,
sai ga haske tsakanin taya da kunyar gona.
Tsawon goriba. Goriba biyu.
Hularsa ta rabu da shi, ta sauko ita kaɗai tana juyi.
Mutane na kabbara,
leɓena na ƙirga ƙulli.

Bai kai a shanye kofin shayi ba.
Ya dira a rogon Alhaji Barau, taya ɗaya ta yi gabas.
Mun biya kuɗin rogo, mun biya na ɗori.
Amma ko zare ɗaya bai tsinke ba.
A rubuta wannan.

Da dare, ƙafarsa ɗaure cikin kara,
na ce, "To, Daura ƙarama ce daga can?"
Ya ce bai kalli gari ba.
"Sallau, shirwa ce ta bi ta ƙarƙashina.
Duk rayuwarmu cikinta muke gani.
Bayanta ja-ja ne, kamar sabuwar tukunya,
da gashi ɗaya da ya miƙe, iska na wasa da shi.
Ta karkato kai ta dube ni.
Ina jin ita ma ba ta taɓa ɗaga ido don ɗan Adam ba."

Bai sake tashi ba.
Injin ya tafi jan ruwa a wani lambu a Daberam.
Bara muka kai Nadabo makwancinsa.

Fiffiken hagu ne rumfar ƙofar shagona yanzu,
masu jiran ɗinki na zama ƙarƙashinsa, ba su sani ba.
In hadari ya taso nakan ji shi yana fizgar igiya,
sai in tsai da keke, in fita in ƙara ɗaure shi.
Wani lokacin
nakan ɗan jinkirta.