Ƙofar Hagu ta Motar Tarmo

A Oulu, cikin Janairu,
rana leƙowa kawai take yi ta koma.
Tarmo ya shigo garejinmu da tsohuwar motarsa,
ƙanƙara na zuba daga tayoyi,
ya ce wani abu na ƙwaramniya a ƙofar hagu,
shekara goma sha ɗaya ke nan, ya gaji.

Na ɗauko sukundireba.
Vuokko ta zare ta daga hannuna,
ta jawo hita kusa da motar, ta ɗora kofi.
"Robar da ta kwana a sanyi gilashi ce," in ji ta.
"Zauna."
Minti arba'in muna kallon ruwa na ɗiga daga bamba.

Ai ta san hali.
Makona na farko na fizgi marfin wata ƙofa da ƙarfin tuwo,
ya tsage daga aljihu har mariƙi.
Yana nan rataye sama da teburin kofi,
da sunana a jikinsa, da alli.

Sukuru ɓuya suke yi.
Ɗaya a bayan mariƙi, ƙarƙashin murfin da bai fi farce ba,
biyu a ramin da ake ɗora gwiwar hannu,
na huɗu can ƙasa inda ba a zato,
shi ne mai jiran wanda ya manta.
Na jera su a kwalin ƙwai, kowa da ɗakinsa.

Ta miƙo min shuɗiyar wuƙar roba marar kaifi.
"Fara daga kusurwar ƙasa.
Inda ka ji laushi, kada ka ɓanɓara,
laushin nan yaudara ne.
Zura, ka bi gefe
har wani abu ya tare ka.
Kilif ne. Matsa jikinsa kamar mai raɗa,
sannan ka murɗa."

Ɗas!
Gabana ya faɗi.
Ƙarar saki da ƙarar karyewa
uwa ɗaya uba ɗaya suke,
sai kunnen da ya tsufa a aiki ke raba su.
Vuokko ko ɗago kai ba ta yi ba.
Ɗas. Ɗas. Na ƙirga tara.

"Kada ka jawo shi. Ɗaga sama,
a leɓen taga yake rataye."
Na ɗaga, na tallafe shi da gwiwa,
don akwai jijiyoyi a bayansa:
wayar gilashi, wayar sifika, igiyar mariƙi,
kowace da ɗan harshen da ake dannawa kafin ta saki.
Na ɗaye ledar ciki rabi, ban yage ta ba,
na haska tocila.

Can ƙasa, cikin tsatsa da busasshen ganye,
ɗan makulli ne da jan zare.
Ta tsagar gilashi ya faɗa.

Tarmo ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.
Na bukkarsu ce ta bakin tafki, in ji shi.
Ranar da ya ɓata ya rantse ƙanensa Aulis ne ya yar,
suka fasa ƙofa da gatari,
suka faɗa wa juna abin da ba ya komawa ciki.
Daga nan sai gaisuwar jana'iza.

Ba wanda ya tanka.
Ya fita cikin dusar ƙanƙara ba hula,
waya a hannu, bai kai ta kunne ba tukuna.

Na mayar da marfin, na daidaita kowane kilif da raminsa,
ina bugawa da gindin tafi.
Na bakwai ya karye.
Vuokko ta lalubi aljihun rigarta,
ta jefo min sabo, fari,
ta ce, "Ɗaya kullum sai ya tafi.
Marfin dai ya tsira."