Jar Akuyar Orval

A rumfar bayan gida, ƙarƙashin tamfol mai warin ɓera,
na same ta jingine da bango,
tayar baya ta sace, tsatsa ta ci kariya.
Kakana Orval ne ya raɗa mata Jar Akuya,
wai ba dutsen da ta taɓa ce wa a'a.

Ita ma jika ce, kamar ni.
Kakarta ba don dutse aka haife ta ba.
Can ƙetaren teku aka ƙera ta
don masu zuwa cefane cikin gari,
inji ɗan mitsitsi, si-si hamsin,
murya kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta.
Da ta iso Idaho maza suka dara:
wannan ai ko kaza ba za ta kora ba.

Orval bai dara ba, tsugunawa ya yi.
Ya tuɓe mata robar da ke kare ƙafa,
ya sa mata taya mai kaushin bayan kada,
ya ɗaura babban faifai mai haƙora a baya,
ya ƙara wa sarƙa tsawo.
Gudu ya tafi, ƙarfi ya zo.
Ran Asabar ta haye tudun nan
da alfadarin Eusebio makiyayi
ke tsayawa ya yi dogon tunani.

Ta biyu daga masana'anta ta zo da faifai biyu,
ƙarami na kwalta, babba na daji.
In hanya ta ƙare sai a sauka a kwance,
a ɗaura, a ja, yatsu na daskarewa.
Kakata Ardith ke riƙe kusoshin a baki.
Ɗaya ya suɓuce mata cikin rafi,
suka turo babur mil shida cikin duhu,
ba wanda ya ce da wani uffan,
sai dai shekara arba'in ana gardamar laifin wa.

Sai wannan ta uku, si-si casa'in.
An ɗage mata salansa sama da gwiwa,
hancinta na shaƙar iska daga can gindin kariya
don ta ratsa ruwa ba ta shaƙe ba.
Ƙarƙashin inji ga ɗan ƙarfe kamar yatsa:
tura shi nan, hanya; tura shi can, dutse.
Ardith ta ce, da wannan ya zo da wuri
da an rage mana faɗa ɗaya.

Ta ɗauko cinyar barewa daga kan tsauni.
Ta karya wa babana Merle ƙashin wuya
yana ɗan shekara tara, bai daddara ba.
Ta kai wa Eusebio magani cikin dusar ƙanƙara,
tafe take kamar tsohuwa mai ɗauke da tulu,
amma ta isa.

An ce ƙannenta sun ƙara girma kaɗan,
wasu suna can Ostireliya suna rabon wasiƙu.
Nan kuwa masu taya huɗu suka shigo kwari,
gwiwar Orval ta ƙi buga kik,
sai tamfol.

Kwana uku ina wanke kafireta da tsohon buroshin haƙori.
Na sake fulogi, na zuba fetur rabin kwalba.
A gwangwanin sifana na tarar da kusa guda
nannaɗe cikin tsumma, irin na babur ta biyu,
wanda ba ya shiga ko'ina a jikin wannan.

Bugu goma, shiru.
Na sha ɗaya ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi,
keken ɗinkin ya tashi.
Na leƙa ƙarƙashin inji.
Ɗan ƙarfen yana wajen dutse,
inda ya bar shi.